Sanƙarau: daga takardar 1963 zuwa Dogon Dutsi

Duk shekara in hunturu ya taso da ƙura, zafi ya biyo baya, iyaye na shiga fargabar sanƙarau, cutar da ke kama rigar ƙwaƙwalwa. Yau za mu bi tarihin binciken da aka yi kanta.

Wajen masana, darajar bincike tana ga yawan waɗanda suka ambace shi suka ɗora aikinsu a kai. Ta wannan ma'auni, rahoton Léon Lapeyssonnie yana da nauyi. Likitan soja ne na Faransa. A 1963 ya fitar da dogon rahoto a mujallar hukumar lafiya ta duniya, OMS, inda ya nuna annobar tana bin wani zirin ƙasa kudu da Sahara, inda ruwan sama ke tsakanin milimita 300 da 1100 a shekara, tana tashi da rani, ta kwanta in damina ta sauka. Ya kira wurin ɗamarar sanƙarau. Arewa tana cikin wannan ɗamara, kuma har yau masu rubutu kan cutar suna komawa ga takardar.

Sanin wuri da lokaci bai warkar da kowa ba, sai da wasu suka ɗora. A 1970 wani likitan Ingila, Brian Greenwood, ya sauka Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekara goma. Shi da likitocin Najeriya suka gwada allura guda ta maganin kuloramfenikol mai mai, suka buga sakamakon a 1979. A 1991 wani gwaji da aka yi a Yamai da Bamako ya ƙarfafa wannan hanya. Kun san amfaninta: ƙauyen da babu gadon kwantar da mara lafiya, allura ɗaya ko biyu za ta iya ceton rai.

Duk da haka, a 1996 da 1997 annoba ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, fiye da 25,000 suka rasu. Wannan ya sa aka haɗa hannu tsakanin OMS, ƙungiyar PATH da wani kamfanin Indiya, aka samar da rigakafin MenAfriVac, kowace allura ƙasa da rabin dalar Amurka. A ƙarshen 2010 aka fara yi wa jama'a a Burkina, Mali da Nijar, kuma nau'in A, wanda ya fi kisa a da, ya kusa ɓacewa.

To amma ƙwayar cutar iri-iri ce. Wani sabon nau'in C ya ɓulla wajen Sakkwato a 2013, ya bi ta Kabi, a 2015 ya tsallako mana. Dutsi da Gaya suna cikin wuraren da ya taɓa, Yamai ta sha wuya ƙwarai. OMS ta ƙirga mutum 8,500 da suka kamu, 573 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Cibiyar CERMES ta Yamai ce ta tantance ƙwayar, kuma a takardar da ta fito a 2016 cikin mujallar Lancet ta cututtuka masu yaɗuwa, sunan farko na ƴar Nijar ne, Fati Sidikou. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara amfani da rigakafi mai kare nau'i biyar.

Abin lura, ƴan uwa: da wuya sunan ƙauyenmu ya fito cikin waɗannan takardu, amma tushensu ɗan ruwan nan ne da likita ke ɗiba a ƙashin bayan mara lafiya, wanda da yawa muke gudu. Da shi ake gane nau'in da ya shigo, a aiko rigakafin da ya dace. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jinjiri ta kumbura, a kai shi gidan likita a ranar, kar a jira gobe. In an ce za a ɗebi ruwan, a yarda. Allah ya kare mu, ya ba marasa lafiya sauƙi.