Gurbi na uku a takardun Jamus: abin da doka ta ba matashi da abin da ta bari

A rajistar haihuwa ta Jamus gurbin jinsi yana da zaɓi huɗu: namiji, mace, "divers" wato na daban, ko a bar wurin babu komai. Harafin "d" da ake gani a tallan neman ma'aikata, inda ake rubuta m/w/d, daga nan ya samo asali. A fasfo kuwa, zaɓi biyun ƙarshe suna fitowa ne da alamar X.

Wajibi ne a bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Mata-maza shi ne wanda aka haifa da halittar jiki da ba ta fito sarai ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan, har Malikiyya suka yanke wa wanda lamarinsa ya rikice rabin gādon namiji haɗe da rabin na mace. Wanda Turawa ke kira nonbinary kuwa, galibi jikinsa ba shi da wata rikitarwa. Shi ne yake cewa a ransa bai ɗauki kansa namiji ko mace ba. Dokar Jamus ta fara ne da na farko, daga baya ta faɗaɗa zuwa na biyu.

A 2013 aka amince a bar gurbin jinsi fayau ga jaririn da aka haifa mata-maza. Ranar 10 ga Oktoba 2017 Kotun Tsarin Mulki da ke birnin Karlsruhe ta ce hakan bai wadatar ba: muddin hukuma na tilasta rubuta jinsi, dole ta samar da suna na uku. Majalisa ta kawo "divers" a Disamba 2018, amma sai da takardar likita. Sharaɗin ya faɗi ne da dokar zaɓin kai, wadda majalisar Bundestag ta zartar ranar 12 ga Afrilu 2024, ta fara aiki 1 ga Nuwamba na shekarar. Ita ce ta maye gurbin dokar 1980, wadda ke buƙatar rahoton ƙwararru biyu da hukuncin kotu.

Yanzu baligi yana sanar da ofishin rajista, ya jira wata uku, sannan ya koma ya sa hannu. Matashi ɗan shekara 14 zuwa 17 shi ma da bakinsa yake bayyanawa, amma sai da yardar iyaye, kuma sai ya tabbatar an ba shi shawara. Idan iyaye suka ƙi, kotun iyali na iya amincewa a madadinsu, matuƙar hakan bai saɓa wa maslahar yaron ba. Ƙasa da shekara 14, iyaye ne ke shigar da buƙatar, yaron da ya kai biyar kuma sai an ji amincewarsa. Baligi ba ya sake canji sai bayan shekara guda. Yara ba a ɗaure su da wannan wa'adi ba, don a bar wa mai son komawa ƙofa a buɗe. Dokar ba ta shafi magani ko tiyata ba.

Abin da matashi ke samu a hannu yana da iyaka. Sunansa na rajistar aji zai canza, kuma yana iya neman a sake buga masa takardun sakamako da sabon suna. Wanda ya tona tsohon jinsinsa da gangan don ya cutar da shi yana iya biyan tarar da ta kai Yuro 10,000. Sai dai ranar makaranta ba a ofishin rajista take ƙarewa ba. Ilimi a Jamus hurumin jihohi 16 ne, kuma dokar ta ce ana iya auna ƙwazon wasanni ba tare da duba abin da ke rajista ba. Jadawalin makin gudu da tsalle bisa al'ada kashi biyu ne, na maza da na mata, saboda haka malami ne ake bari da zaɓi. Haka batun banɗaki, ɗakin canza kaya da ɗakin kwana a balaguron makaranta: dokar ta bar wa mai wuri ikonsa. A nan ne adalci ya fi wuya, domin ɗalibar da ba ta son canza kaya gaban kowa ita ma tana da hakki, kuma makaranta mai banɗaki biyu ba ta samun na uku don an sa hannu a Berlin.

Harshe ma bai bi doka ba. Jamusanci yana da "er" da "sie", wato shi da ita, ba shi da wani lamiri na uku da kowa ya yarda da shi, saɓanin Suwidin da ta shigar da "hen" cikin ƙamusunta a 2015. Tun Afrilu 2024 jihar Bavariya ta hana amfani da alamar tauraro ta haɗa jinsi a rubuce-rubucen makarantu da ofisoshinta. Bahaushe zai gane girman matsalar fiye da Bajamushe, tunda shi ko "kai" da "ke" sai ya zaɓa, in ba ya fake da "ku" na girmamawa ba.

A kasuwanci kotuna ne suka share hanya. A 2022 wata babbar kotu a Frankfurt ta hana kamfanin jirgin ƙasa na Deutsche Bahn tilasta wa mai sayen tikiti ta intanet zaɓar "Herr" ko "Frau", wato Malam ko Malama, ta kuma ba mai ƙara diyyar Yuro 1,000. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta amince da X a fasfo, amma ba ta tilasta wa kowace ƙasa bayar da shi ba. Amurka ta fara a 2022, gwamnatin Trump ta dakatar a Janairu 2025.

Adadin mutanen kaɗan ne: a ƙidayar 2022, masu "divers" da marasa rubutu a gurbin ba su kai 2,500 ba cikin mutum sama da miliyan 82, ko da yake a lokacin sharaɗin likita na nan. Jam'iyyun CDU da CSU sun ƙi dokar a majalisa, suna ganin an sassauta wa yara fiye da kima, kuma yarjejeniyar gwamnatin haɗaka ta 2025 ta tanadi a sake nazarin ta, musamman tasirinta ga yara da matasa.