Daga Teburin Masana Zuwa Teburin Shugabanni: Tarihin Kwamitin IPCC

Duk ƙarshen shekara mai karatu kan ji a rediyo cewa wakilan ƙasashen duniya sun taru a wani birni kan batun ɗumamar yanayi, sun kwashe mako biyu suna ja-in-ja. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda suke samo alƙaluman da suke jayayya a kansu. Tarihin wannan nake so mu waiwaya a yau, don ni a ganina tun daga can ake fara kokawar.

A shekarar 1988 ne hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato mai lura da yanayi da mai kula da muhalli, suka kafa kwamitin IPCC, aka ɗora wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Bert Bolin a kan shugabancinsa. Kwamitin ba shi da ɗakin bincike ko guda. Masana ɗaruruwa yake tarawa, ba tare da ya biya su albashi ba, su karance dubban binciken da aka riga aka wallafa, su fitar da abin da aka tabbatar da wanda har yanzu ake kokwanto a kai. Rahoton kan kai shafuka dubbai, kuma kowa ya san babu ministan da zai zauna ya karanta wannan. Don haka ake yi masa taƙaitaccen bayani na ’yan shafuka. To, shi wannan taƙaitaccen bayani ba ya fita sai wakilan gwamnatoci sun zauna da masanan sun bi shi layi bayan layi, kowa ya amince.

Rahoton farko ya fito a 1990, a kansa aka gina yarjejeniyar yanayi da aka sa wa hannu a birnin Riyo na Brazil a 1992. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne na biyu. A watan Nuwamban 1995 aka zauna a Madrid, wakilan Saudiyya da Kuwaiti suka tsaya kai da fata cewa babu isasshiyar hujjar ɗora wa ɗan Adam alhakin ɗumamar duniya. Ba sai na gaya wa mai karatu abin da waɗannan ƙasashe ke sayarwa ba. Aka yi ta gardama har dare ya raba, a kan jimla guda, kai, a kan kalma guda ma. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa hujjojin da ke hannu sun fi karkata ga cewa ana iya gane hannun ɗan Adam a sauyin. Magana ce mai sanyi, amma bayan shekara biyu, a 1997, aka ƙulla yarjejeniyar Kyoto wadda ta wajabta wa ƙasashe masu arzikin masana’antu rage hayaƙinsu da kusan kashi 5 cikin 100 ƙasa da na 1990. Amurka ta sa hannu, amma ba ta taɓa tabbatar da ita ba.

Wasu na ganin wannan tsari yana bai wa ’yan siyasa damar rage wa kimiyya kaifi, kuma suna da gaskiya. Sai dai akwai ɗaya gefen: gwamnatin da ta amince da jimla da bakinta, zai yi mata wuya gobe ta ce ba ta san zancen ba. A haka maganar ta yi ta ƙara nauyi. A 2007 aka ce tabbacin cewa ɗan Adam ne babban sila ya haura kashi 90, a 2013 ya kai kashi 95, a 2021 kuwa aka ce babu sauran shakka. Kwamitin ma ya taɓa tuntuɓe: rahoton 2007 ya ce ƙanƙarar tsaunukan Himalaya na iya narkewa nan da 2035, a 2010 ya fito ya amince cewa kuskure ne.

Bayan yarjejeniyar Faris ta 2015, ƙasashe suka nemi rahoto na musamman kan tsayar da ƙarin zafi a digiri 1.5. Ya fito a 2018, ya ce sai an rage hayaƙin kabon da kusan kashi 45 cikin 100 na yawansa a 2010 kafin 2030. Da aka je taron Katowice a Poland a watan Disamban shekarar, Amurka da Rasha da Saudiyya da Kuwaiti suka ƙi yarda a rubuta cewa taron ya yi maraba da rahoton, suka ce a dai rubuta an lura da shi. Rahoton da su da kansu suna cikin waɗanda suka nema!

Ɓangaren dabbobi da tsirrai sai a 2012 ya samu irin nasa kwamitin, IPBES. Rahotonsa na 2019 ya ce nau’in halittu kusan miliyan ɗaya na fuskantar barazanar ƙarewa, a Disamban 2022 kuma aka amince a Montreal cewa za a killace kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030.

Mu ma nan abin ya iso mu. Duk ɗan Arewan da ya daɗe a Ikko ya san yadda teku ta riƙa cin gaɓar Bar Beach tana shigowa titi, ya kuma san labarin fari da ake kawowa daga gida. A taron Glasgow na Nuwamban 2021 Shugaba Buhari ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake zuƙewa nan da 2060, a watan kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Shekarar da rahoton 2018 ya ambata wa duniya baki ɗaya ita ce wajen 2050.