Mazaɓa Ɗaya, Cibiya Ɗaya: Zuba da Ma'aunin Rabon Kuɗin Lafiya

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Bisa dokar, rabin kuɗin na inshorar lafiya ne, kashi 45 na magunguna ne da gyaran cibiyoyi da ma'aikata, kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara zuba masa kuɗi. Da aka zo aiwatarwa, mazaɓa aka ɗauka ma'auni: kowace mazaɓa, cibiya ɗaya. A ganina nan ne adalcin rabon ya gurgunce, kuma Zuba ta isa hujja.

A takarda Zuba ɗaya ce cikin mazaɓu 10 na Gwagwalada, kafaɗa ɗaya da Dobi ko Ibwa. A zahiri kuwa mararraba ce, inda hanyoyin Kaduna da Lokoja da na shiga birnin Abuja suka gamu. Kasuwar 'ya'yan itatuwa da tashar mota na tara direbobi da 'yan dako da fatake waɗanda ba a lissafa su cikin mutanen gari. Ga Madalla ta Jihar Neja a gefe, kuma mai naƙuda da tsakar dare ba ruwanta da inda iyaka ta tsaya. Ƙidayar da ake dogaro da ita ma ta 2006 ce, wadda aka yi ana tsaka da rusau ɗin da ya tura talakawan birni zuwa garuruwan gefe. Idan magani ya ƙare kafin wa'adi, aljihun majinyaci ne ke cike giɓin, a ƙasar da sama da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihu yake fitowa.

Za a ce rabon daidai-wa-daida shi ke kare ƙauyen da ba shi da mai faɗa a ji. Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata a taɓa wannan kason na tushe ba. Amma abin da ya hau kansa dole ya bi nauyi. Ingila ta ɗauki wannan hanya a 1976, bayan ta ga yankin Landan na samun fiye da rabonsa, ta koma rabo bisa yawan jama'a da shekarunsu da yawan mace-mace.

Ma'aunin da Zuba ke buƙata ba sai an jira sabuwar ƙidaya ba. Yana cikin rajistar cibiyar kanta: masu awon ciki nawa, haihuwa nawa, yara nawa aka yi wa rigakafi, kuma daga wace jiha suka zo.