Zare: Tarihin tarkon ƙuda, tsiron da gata ke kashewa

1/ Jama'a, kun san tsiron nan da ke yawo a bidiyon TikTok, mai baki kamar na kada, ƙwaro na shiga ya rufe ruf? Turawa na ce masa Venus flytrap, ni zan kira shi tarkon ƙuda. Kafin wani ya yi odarsa ya yi asarar kuɗinsa, ku zo in ba ku tarihinsa, don duk dokokin renonsa a gida daga tarihin nan suka fito. 🧵

2/ Da yawa sun ɗauka daga dajin Amazon yake. Ina! Duk faɗin duniya gidansa na asali wuri ɗaya ne: yankin gaɓar teku na jihohin Karolina ta Arewa da Karolina ta Kudu a Amurka, abin da bai wuce mil 100 daga garin Wilmington ba. Ka ƙiyasta tafiyar Kano zuwa Zariya. Iyakarsa ke nan.

3/ Ƙasar wurin yashi ce gauraye da ruɓaɓɓen gansakuka, kullum a jiƙe, ga tsami, ga talauci. Naitirojin da tsirrai ke nema kusan babu shi. Shi ya sa tarkon ƙuda ya koma farauta. Abincinsa na ainihi daga hasken rana yake haɗa shi kamar kowane tsiro. Ƙwaron da yake kamawa takinsa ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/ Mutanen asali na yankin sun riga kowa saninsa, amma a rubuce labarin ya fara ne a 1759. Arthur Dobbs, gwamnan da Ingila ta naɗa a Karolina ta Arewa, ya rubuta wa Peter Collinson wasiƙa zuwa Landan, yana ba shi labarin wani ɗan tsiro da ke rufewa kan duk abin da ya taɓa shi. Collinson ɗan kasuwar yadi ne mai mayen son tsirrai.

5/ A lokacin aika tsiro da rai ta teku aiki ne ja: makonni a jirgin ruwa, ga gishiri, ga sanyi. Busassun samfura aka riƙa aikawa. Sai a 1768 wani matashi daga yankin Filadelfiya, William Young, ya isa Landan da masu rai. Nan fa masana suka yi caa a kai.

6/ A shekarar ce John Ellis, shi ma ɗan kasuwa mai nazarin halittu, ya raɗa masa sunan da yake amsawa har yau: Dionaea muscipula. Kalmar farko tana nuni da Venus, gunkiyar kyau a tatsuniyoyin Rumawa. Ta biyu a Latin tana nufin tarkon ɓera. Ellis ya yi hasashen cewa tsiron na kama ƙwari ne don ya ci, ya rubuta wa Carl Linnaeus a Suwidin.

7/ Linnaeus fa shi ne uban tsarin sunayen halittu, idan ya yi magana an gama. Ya yaba wa tsiron ƙwarai, amma batun ci ya ce sam. A wurinsa dabba ke cin tsiro, juya wannan tsari kuwa ya saɓa wa yadda aka shirya halitta. Ya ce ganyen taɓawa kawai yake ji, kuma da zarar ƙwaron ya daina motsi zai sake shi.

8/ Girman mai magana ya danne gaskiya shekaru da yawa. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda suka warware zancen: mutane ne da suka tsuguna suka zuba wa ganye ido. A 1834 Moses Ashley Curtis, wani malami a Wilmington, ya rubuta abin da ya gani da idonsa a inda tsiron ke fitowa.

9/ Curtis ya lura cewa jin taɓawar yana cikin wasu 'yan silin gashi da ke tsakiyar tarkon, galibi uku a kowane ɓari. Ya lura tarkon ba ya murƙushe ƙwaro: ya sha buɗe ganye, ƙuda ko gizo-gizo ya fito a guje lafiya lau. Waɗanda suka daɗe a ciki kuwa, ya same su cikin wani ruwa mai yauƙi yana narkar da su.

10/ A 1868 William Canby daga jihar Delaware ya gwada ciyar da ganyen. Ya ba shi ɗan guntun naman shanu, ya narke. Ya ba shi cuku, ganyen ya yi baƙi ya mutu. Wata masaniya a New Jersey, Mary Treat, ta sanar da Charles Darwin cewa ganyayen da suka kama ƙwari uku a jere, yawancinsu a kan na ukun suke mutuwa.

11/ Kun ga darasi tun shekaru 150 da suka wuce: kowane tarko cikinsa ƙarami ne, kwanansa ƙidayayye. Ya ci sau uku ko huɗu, ya tsufa ya yi baƙi, sabo ya fito. Narkar da ƙwaro ɗaya kan ɗauki mako guda ko fiye. Mai tura masa tsire ko kilishi don ɗaukar bidiyo, ruɓa yake jawo masa.

12/ A 1873 abin ya ƙara armashi. John Burdon-Sanderson, likita mai bincike a Landan, ya jona wa ganyen na'urar auna lantarki. Yana taɓa gashin sai ga saƙon lantarki ya ratsa ganyen, irin wanda aka sani a jijiyar dabba. Karo na farko ke nan da aka auna irin wannan a jikin tsiro.

13/ Sai 1875, Darwin ya fitar da littafinsa kan tsirrai masu cin ƙwari, kuma nan aka rufe gardamar Linnaeus. Ya kuma yi bayanin haƙoran bakin tarkon: a rufewar farko suna barin 'yan kafofi, ƙananan ƙwari su sulale su fita. Kamar tarun masunci ne mai manyan ido. Narkar da abinci na da tsada, ba a yin sa don ɗan mitsitsin abu.

14/ Tambayar da ta rage: babu tsoka, to da me yake rufewa da wannan sauri? A 2005 Yoël Forterre da abokan aikinsa suka ɗauki bidiyonsa da kyamara mai saurin gaske. Ashe ganyen a ɗame yake, a lanƙwashe ta waje. Saƙo na zuwa sai ya kife ta ciki lokaci guda, cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan.

15/ A 2016 ayarin Rainer Hedrich a jami'ar Würzburg ta Jamus suka nuna cewa tsiron na lissafi. Taɓa gashi sau ɗaya, shiru, wataƙila ɗigon ruwa ne. Sau biyu cikin sakan 20 zuwa 30, ya rufe. Idan motsi ya ci gaba har taɓawa ta kai biyar, sai ya sako ruwan narkar da abinci sosai. Ƙwaron da ke fafutukar tsira shi ke kunna tukunyar dafa kansa.

16/ A 2020 masana a Japan suka gano inda yake ajiye lissafin. Kowace taɓawa tana ɗaga yawan kalshiyam a ƙwayoyin ganyen, sannan ya riƙa sauka a hankali. Idan ta biyu ta zo kafin ya sauka, sai a tsallake iyaka, tarko ya faɗa. Don haka yaron da ke tsokanar ganye da tsinke yana sa shi kashe ƙarfi ne a banza, kuma kowane tarko rufewarsa na da adadi.

17/ Wani abin dariya: sunan Latin ya ce ɓera, na Turanci ya ce ƙuda, amma a daji yawancin abin da yake kamawa tururuwa ne da gizo-gizo, masu tafiya a ƙasa. Furensa fari kuwa can sama yake a kan dogon kara. Wani bincike na 2018 a Karolina ta Arewa ya nuna ƙwarin da suka fi yi masa barbara da wuya ake samunsu a tarko.

18/ To mu koma gidansa, don yayin da masana ke ta mamaki a Turai, can gida abubuwa na lalacewa. Tarkon ƙuda gajere ne, a ƙasa yake shimfiɗe, inuwa ce ajalinsa. Abin da ke share masa fili shi ne wuta. Tsawa kan tayar da gobara, mutanen asali ma suna ƙona daji, duk bayan 'yan shekaru. Ciyayi su ƙone, shi kuma tushensa na ƙarƙashin ƙasa ya sake tohowa.

19/ Dajin da yake zaune a ciki na wata bishiyar fayin ce mai dogon ganye kamar allura. Da can irin dajin nan ya kai eka miliyan 90 a kudu maso gabashin Amurka. Aka tatse shi don kwaltar jiragen ruwa, aka sare don katako, aka yi gonaki. Abin da ya rage bai kai kashi 5 cikin 100 ba a ƙarshen ƙarni na 20.

20/ Sannan hukumomi suka shafe shekaru suna kashe duk wutar daji, da kyakkyawar niyya. Sakamakon? Ƙananan itatuwa suka rufe sarari, tarkon ƙuda ya shaƙe a inuwa. Yau a wurare irin su Green Swamp, masu kula da daji da kansu suke cinna wuta bisa tsari. Har a sansanin sojan Camp Lejeune ana samunsa, inda fili ke yawan ƙonewa.

21/ Matsala ta gaba farin jini ne. Fina-finai da wasannin kwamfuta sun mai da shi dodo, kowa na son nasa. Masu sata suka riƙa shiga daji suna tono, suna sayar da kowane ɗaya a kan 'yan santi. Da can tarar ba ta wuce dala 50 ba. Wa zai ji tsoro?

22/ A 1992 aka saka shi cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe. A 2005 Karolina ta Arewa ta ayyana shi a matsayin tsiro mai cin ƙwari na jihar. Daga 1 ga Disamba 2014, satar sa daga daji ta zama babban laifi mai ɗauri. Wata guda bayan haka aka kama mutum huɗu da guda 970.

23/ A 2023 hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta yanke cewa bai kai a saka shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa ba, saboda mafi yawan wanda ya rage yana filayen da ake karewa. Ni a ganina wannan ba dalilin sakin jiki ba ne. Tsaronsa ya rataya ne a kan mutane su ci gaba da cinna wutar nan, kuma gine-gine na ta cin gefen Wilmington.

24/ Labari mai daɗi: yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu a ɗakin gwaje-gwaje ake ninka su, daga ɗan guntun tsiro a sami ɗaruruwa. Har da nau'o'in da masu reno suka fitar, kamar Akai Ryu mai ja jawur da B52 mai manyan tarkuna. Daga iri kuwa sai ka yi haƙurin shekara uku zuwa biyar kafin ya girma.

25/ Yanzu ga mai son reno, bi tarihin nan a hankali. Ƙasarsa matalauciya ce, to kar ka sa masa taki, ko na zamani ko na gargajiya, saiwarsa ƙonewa za ta yi. Ƙasar lambu ma haka. Abin da ake amfani da shi ruɓaɓɓen gansakuka ne, ana sayar da shi da sunan peat moss, a gauraya da wankakken yashi. Tukunyar roba mai huji ta fi ta ƙasa.

26/ Ruwa: na sama ya saba da shi. Na famfo, na rijiya, na burtsatse, galibi suna ɗauke da gishirin ma'adinai da ke taruwa a tukunya ya kashe shi a hankali. Tafasawa ba ta cire su. Ka tari ruwan sama da damina ka ajiye, ko ka nemi wanda aka tace ta hanyar tururi. Zuba ɗan ruwa a faranti ka ɗora tukunyar, kar ƙasar ta bushe.

27/ Rana: ɗan fili ne, yana son aƙalla awa huɗu zuwa shida na rana kai tsaye. Kan teburin falo kusa da talabijin mutuwa ce ta sannu a hankali. Sai dai zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi, ga iska busasshiya, ya wuce abin da ya sani a gida. A irin wannan lokaci ranar safe ta wadatar, da rana tsaka a kare tukunyar kar saiwa ta dahu.

28/ Babban ƙalubale a wajenmu shi ne sanyi. A Karolina yana barci wata uku zuwa huɗu duk shekara, yanayi na ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas, ganye su yi baƙi kamar ya mutu. Da yawa a nan suke jefar da shi, alhali da ransa. Hunturunmu ba ya kaiwa haka. Masu reno a ƙasashe masu zafi a firji suke kwantar da shi, ban da ɓangaren ƙanƙara.

29/ Ka ji sharaɗin: firji na wata uku babu yankewa. Kai ka san halin wutar unguwarku. Idan bai samu barcin nan ba yakan yi rauni shekara bayan shekara. Abinci kuwa kar ya dame ka. In yana waje zai kama da kansa, in ma bai kama ba zai yi watanni lafiya. Idan tsiron ƙarami ne ya fito da karan fure, yanke shi ya adana ƙarfinsa.

30/ Don haka kafin ka biya, yi wa mai sayarwa tambaya ɗaya: a ina aka rene shi? Idan ya kasa amsawa, bar shi. Sannan ka tambayi kanka: ina da ruwan sama a ajiye, ina da rana, ina da sanyin wata uku? In babu, kallon bidiyon ma ba laifi. Wanda ya taɓa renonsa a Jos ko Mambila, don Allah ya faɗa mana yadda sanyin can ya yi da shi.