Gidajen Sarautar Maraɗi da Tibiri: Asali Ba Tare da Gona Ba

A shekarar 1833 wani mutumin Ailan mai suna John Burke ya fara buga wani littafi a birnin Landan, inda ya jera asalin manyan gidajen karkara na Ingila da Ailan, wato masu mallakar ƙasa waɗanda ba su kai matsayin lod ba. Daga baya littafin ya shahara da sunan Burke's Landed Gentry, kuma ɗansa Bernard Burke ya ci gaba da sabunta shi. Ba kowa ke shiga cikinsa ba, sai gidan da ke da babban gandu na gado. Ana rubuta sunan uba da kaka da matan da suka aura, amma abin da ke ɗaure su duka shi ne sunan gandun. Ɗan fari ke gaje komai don kada ƙasar ta rarrabu, ƙannensa kuwa su shiga soja ko coci ko su tafi hidimar mulkin mallaka. Ƙidayar masu ƙasa ta 1873 ta nuna cewa mutum kimanin 7,000 ne ke riƙe da kashi huɗu cikin biyar na ƙasar Birtaniya da Ailan baki ɗaya.

Wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya zo da shi Gulbin Maraɗi zai rikice, domin manyan gidaje biyu na wannan kwari an kafa su ne bayan sun rasa ƙasarsu. A 1807 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Umarun Dallaje suka ci Birnin Katsina. Sarki Magajin Halidu ya fice zuwa Ɗankama, can ya ƙare. Ɗan Kasawa, ɗan Sarki Agwaragi, shi ya karɓi sarautar da ba ta da gari. Ya nemi mafaka a Damagaram, ya zauna Gafai, sannan wajajen 1819 mutanen kwarin Maraɗi suka tayar wa wakilin sabbin masu mulki, suka kira shi. Bai zama Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina ya kira kansa, haka kuma ake kiran magadansa har yau, alhali Gidan Korau da takobin Gajere suna can ƙetaren iyaka, a hannun Dallazawa da farko, sannan a hannun gidan Dikko tun 1906.

Labarin Gobirawa ma kusan haka yake. Alƙalawa, birnin da Babari ya gina, ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya fatattaki taron dangin Gobir da Katsina da Abzinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Bayan wannan musiba ne Mayaƙi ɗan Yakuba ya kafa Tibiri, ƴar tazara daga Maraɗi, da taimakon Ɗan Mari wanda ya gaji Rauda. Masarautu biyu da dā ke gaba da juna a ƙarni na 18 suka koma maƙwabta a bakin gulbi guda. Ba a daɗe ba gidan ya rabu: Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, wanda yarjejeniyoyin iyaka na Faransa da Ingila, na 1904 da 1906, suka bar shi a Najeriya, Tibiri kuma a Nijar. Don haka mai bin salsalar Bawa Jan Gwarzo dole ya bi ta a ƙasashe biyu.

To, idan ba gandu ba, me waɗannan gidaje suka ɗauko? Suna suka ɗauko, da tambari, da jerin sarautu, da mutanen da suka yarda su bi. Fadar Maraɗi ta sake gina tsarin Katsina kamar yadda yake. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin zamanin Ɗan Baskore ɗan Rauda, ya kuma sanya mulkinsa tsakanin 1854 da 1875, ya bayyana rukunin mutum huɗu masu zaɓen sarki: Ƙaura, Galadima, Ƴanɗaka da Durbi. A Tibiri kuwa Tara ne ke da wannan hurumi. Babu dokar ɗan fari. Duk ɗan sarki na da damar neman gadon, shi ya sa asali a nan makami ne na takara: wanda aka tsallake sunan ubansa a jerin sarakuna, an rufe wa zuriyarsa ƙofa. Wannan buɗaɗɗen gado ya ba masarautar jarumai, ya kuma jawo mata rigima. A ƙarshen ƙarni na 19 Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da yake naɗa sarki ya tuɓe, har Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa, inda wani reshen gidan ya tsaya da ƙafarsa.

Littafin wannan asali bakin maroƙa ne da makaɗan fada da dattawan gida. Ba a rasa masu raina shi don ba takarda ba ne, amma ya kamata su san cewa na Burke ma bai tsira ba. Masana tarihi irin su Edward Freeman da Horace Round sun tona yadda gidaje da yawa suka ƙaga wa kansu kakanni da suka zo tare da Wiliyam na Normandi a 1066, tun da kowane gida shi ke aiko da nasa labarin a buga. Gidan da ya kai kansa ga Bayajida da wanda ya kai kansa ga mayaƙan Normandi buƙata guda suke biya. Jerin sarakunan da ake koyarwa yanzu kuma ba daga sama ya faɗo ba. Tafintan soja Landeroin ne ya tattara shi daga bakin ƴan fada lokacin aikin shata iyaka na Tilho, tsakanin 1906 da 1909, sannan Philippe David ya sake bin sa a 1964. Abin da fada ta faɗa wa baƙo a rana guda, cikin yanayin siyasar wannan rana, shi ya zama tawada.

Jerin yana da manyan giɓi. Iya ta Maraɗi da Inna ta Gobir ƴaƴan sarauta ne masu iko na gaske, su ke shugabantar bori da al'amuran mata, kuma ba a kammala naɗin sarki a Tibiri ba tare da hannun Inna ba; duk da haka yaro zai lissafa sarakuna goma kafin ya kawo sunan Inna guda.

Giɓi mafi girma shi ne na masu ƙasar. Kafin Ɗan Kasawa ya iso, kwarin na da mazauna, dangogin Anna manoma da mafarauta da maƙera, a garuruwa irin su Jiratawa da ke kudu da Maraɗi. Guy Nicolas ya share shekaru yana nazarinsu. A wurinsu gona ta wanda kakansa ya sare dajin ce, mai gida ke riƙe da gandu, ya yanka wa mata da samari gamana, kuma ba a zama sarkin noma sai an tara dami dubu an yi bikinsa an rabar. Sarki na da haraji da ganima da ikon ba baƙo daji, amma bai mallaki gonar talaka ya sa masa kuɗin haya kamar yadda ake yi a Ailan ba. Idan akwai masu asali a kan ƙasa a wannan kwari, su ne waɗannan, kuma su ne ba a jera kakanninsu a littafin lakkol.

Ƙarshen gidajen biyu ya bambanta saboda wannan dalili. A Ailan dokar Wyndham ta 1903 ta ba manoma bashin sayen gonakin da suke haya, an ƙone manyan gidaje kusan 300 tsakanin 1920 da 1923, gidan ajiyar takardun tarihi na Dablin ya ci wuta a 1922, kuma da aka sake buga kundin gidajen Ailan a 1976 sai aka cire kalmar mallakar ƙasa daga sunansa. A Maraɗi ambaliyar 1945 ta rushe tsohon birni, aka mayar da gari da fada kan tudu. Seyni Kunce ya shelanta a 1974 cewa gona ta mai nomanta ce. Dokar karkara ta 1993 ta sake tsara mallaka. Duk wannan bai taɓa sarautar ba, a 2010 ma gwamnati ta ɗaga ta zuwa matsayin sultan, a Maraɗi da Tibiri duka. Gonakin ne suka sauya hannu. Alhazan birni, waɗanda suka yi arziki da gujiya da fataucin Najeriya, sun yi ta sayen filayen da ke kewaye da gari, a Jiratawa kuma aikin noman rani na farkon shekarun 1980 ya yanka fadamar kakanni gida-gida, kowane fegi da lambarsa a rajistar ƙungiyar manoma.