Maganin taɓin hankali a gidan kaso: abin da Dokokin Mandela suka tanada

A watan Disamba na 2015 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Dokokin Nelson Mandela, ƙa'idoji 122 na kula da fursunoni. Sun tanadi likita ya duba duk wanda aka kai gidan kaso ba tare da jinkiri ba, a yi masa magani kyauta, daidai da wanda mutanen gari ke samu. Mai shan haloperidol ko Largactil, idan aka katse masa kwatsam, ciwon kan dawo. Katse diazepam ga wanda ya daɗe yana sha kuwa kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Shi ya sa ake son dangi su kai takardar likita tun ranar farko.