Hanyar Obudu ta shanu ce tun asali

'Yan uwa masu shirin hawan Obudu a hutun nan, ga ɗan tarihin hanyar da za mu taka. Daga gindin dutse zuwa sama kilomita 11 ne, da kwana 22, duk hawa, har a kai tsayin fiye da mita 1,500.

A 1951 wani Bature ɗan Sukotlan, McCaughley, ya kafa gandun shanu a can sama, saboda ga ciyawa, ga sanyi, ƙudan tsando kuma ba ya zama a wurin. Wato tun kafin samun 'yancin kai ana kiwo a killace a kudu. Ni dai duk sanda gardamar makiyaya ta tashi a ajinmu na mastas, wannan nake kawo musu.

A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka fara tseren hawan dutsen, na ɗaya ya tafi da dala 50,000. Gwanayen gudu ko awa ɗaya ba sa yi. Mu kam, da hutawa da sallah da jiran na baya, yini guda ne fa. A zo da ruwa da rigar sanyi, silifas kuma ya zauna a ɗaki.